Inna Ta Ƙi Shan Ruwa

Likita bai yi wani kwana-kwana ba. Ya kama fatar bayan hannun Inna da yatsu biyu, ya ɗan ja ya saki. Fatar ta tsaya a tattare, ba ta da niyyar komawa. Sai ya dubi Tela ta saman tabarau.

"Mama ba ta shan ruwa," ya ce. "Ƙodarta ta fara gajiya. In kuka dawo na tarar da ita haka, gado zan ba ta. A shekarunta kuwa ba na so ta kwanta a nan, don ba kowa ne yake tashi yadda ya kwanta ba."

"Ina ba ta, likita. Wallahi ina ba ta. Ita ce take kau da kai."

Inna tana zaune a kujerarta mai taya, ta zuba wa kalandar bango ido kamar da wata ake. Tela ta yunƙura za ta tashi, sai da ta dafa teburin likita da hannu biyu kafin ta miƙe.

"Ke kuma bayan fa? Kin je sashen gashin da na tura ki?"

"Zan je."

"Haka kika ce wancan zuwan."

Ta yi 'yar dariya ta tura kujerar Inna suka fita. Ita ina ta ga lokacin zuwa a gasa mata baya?

Tela ita ce ta tsakiya a 'ya'yan Inna. Wansu yana can wani gari mai nisa, sai dai waya da addu'a. Ƙanwarsu Auta tana aiki a shagon wani kamfanin waya, daga safe har yamma. Ita kuwa ɗinki take yi a gida, shi ya sa kowa yake ce mata Tela har sunan ya bi ta. A dangi kuwa, duk wanda sana'arsa take cikin gida, to ba shi da aikin yi. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Inna ya kashe mata gefen hagu, ba a ma zauna an yi shawara ba. Tela da kanta ta sa aka ɗauko keken ɗinkinta aka ajiye a baranda, daidai ƙofar ɗakin Inna, inda za ta ji ko tari aka yi.

Aikin duk mai sauƙi ne in ban da ɗagawa. Inna mace ce mai jiki, ga tsabta kamar me. Tun ranar farko ta ce ita ba za a tara mata tasa a gado ba, ba kuma za a ɗaura mata famfas kamar jaririya ba. Banɗaki za ta. Saboda haka duk lokacin da buƙata ta taso, sai Tela ta kawo kujerar bakin gado ta danne birki, ta sauko da ƙafafun Inna ƙasa, ta tokare gwiwar da ta mutu da tata gwiwar, ta zura hannuwa ta ƙarƙashin hammata ta rungume ta ƙirji da ƙirji, ta ce bismillah, ta ɗaga ta juya. Daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa masai, sannan a sake bi baya. A kowace ɗagawa sai wani abu ya soke ta a ƙugu ya bi ƙafar hagu har diddige. Takan cije leɓe ta shanye. A zatonta babu wanda ya sani.

Maganin abin a wurinta bai wuce ƙwaya biyu daga kemis ba, sai man zafi da take mulka wa bayan, da wani tsohon mayafi da take ɗaure ƙugunta da shi tamau a ƙarƙashin riga.

To ga kuma sabuwar rigima. Inna da take iya shanye butar shayi ita kaɗai, yanzu in an kawo kofi sai ta tsotsi abin da zai jiƙa harshe ta juyar da kai. An yi lallashi, an yi wa'azi, an kira wansu a waya ya yi ta "haba Inna, haba Inna" har kuɗin wayarsa ya ƙare. Ina!

Ran Asabar Auta ta zo da wata jaka mai ƙyalli, ta zazzage ta a kan teburin yanka, bisa yadin mutane. Man shafawa kala-kala, sabulu mai ƙamshin lemo, wata laka a kwalba wai ta fuska ce, har da kyandir.

"An ɗauke wuta ne a gidanku?" Tela ta tambaya.

"Na ƙamshi ne, Yaya. Ki kunna, ki shiga wanka, ki manta da kowa. Dubi fuskarki fa don Allah. Ba kya kula da kanki ko kaɗan."

Kula da kai! Tela ta tsani kalmar nan. A ganinta zance ne na matan da ba su da abin yi, masu kwanciya a kujera da kokwamba a ido suna ɗaukar kansu hoto. Mutum uwarsa tana kwance, shi yana can yana shafa laka? Ai wannan son kai ne aka yi masa kwalliya.

"Kwashe min tarkacenki daga kan yadin mutane," ta ce.

Amma Auta ba a yi mata haka. Ta riga ta kama mata wuri a wani shagon gyaran jiki, ta kira mai mota, ta ce yau ita za ta zauna da Inna. Suka yi ta ja-in-ja har Inna ta buga sandarta a ƙarfen gado daga ɗaki.

"Tela," ta ce da muryar nan tata mai nauyi, bakin a karkace, "tafi. Kin cika min kunne."

Kafin ta fita sai da ta nuna wa Auta yadda ake ɗagawa har sau ba adadi. "Gwiwa a nan. A'a, ba nan ba. Kar ki ja ta ta hannu. Kin danne birkin? Ba haka ake yi ba, matsa ki gani." Auta dai ƙaƙƙarfa ce, tana zuwa wurin motsa jiki, ta ɗaga Inna cak har tsohuwar ta ce, "Ke, buhu kika samu?"

A shagon gyaran jiki Tela ta ga ta kanta. Aka kwantar da ita a wata kujera mai lanƙwasa, aka tanƙwara wuyanta baya cikin kwamin wanke gashi, ƙugun nan ya ɗauki wuta. Aka shafe mata fuska da laka aka ce kar ta motsa. Kokwambar da take yi wa mutane dariya a kai, yau ga ta a idonta. Wani kiɗa mai sanyi yana tashi, ita kuwa lissafinta ɗaya, ko Auta ta tuna da birki.

"Anti, kin ji daɗi ko?" mai gyaran ta tambaya.

"Sosai," ta ce, tana neman abin da za ta dafa ta tashi.

Ta dawo gida fuska tana sheƙi, ƙafar hagu tana ja. Abin da ta fara gani a ɗakin Inna shi ne jug ɗin ruwa, babu ko ɗigo a ciki.

"Kin zubar ne?"

"Zubarwa kuma? Shanyewa ta yi!" Auta ta ce tana washe baki. "Har shayi ta sa na haɗa mata, ta sha kankana. Mun yi ta zirga-zirgar banɗaki. Wai dama ita ce kike cewa ba ta shan ruwa?"

Tela ta dubi Inna. Inna ta dubi bango.

Da farko murna ta yi, ta ce alhamdulillahi an samu kanta. Washegari ta cika kofi ta kawo da fara'arta. Inna ta tsotsa ta kau da kai. Litinin haka, Talata haka.

Babu dabarar da Tela ba ta yi ba. Ta nemo ainihin kofin da Auta ta ba ta da shi. Ta sa ƙanƙara, ta cire ƙanƙara, ta matsa lemon tsami, ta sayo tsinken zuƙa. Rannan tana tsaye a kicin ta shinshina tafin hannunta, ta ji warin man zafi, ta ce af, ashe wannan ne! Wa zai sha ruwa daga hannu mai warin nan? Daga ranar ta daina shafa man, ta koma wanke hannu da sabulun Auta mai ƙamshin lemo. Ciwon bayan ya samu sake ya ƙara ƙaimi. Inna kuwa ko gezau.

Asabar ta zagayo, Auta ta zo. Wannan karon Tela ta ƙi zuwa ko'ina sai kasuwa, ta sayo zare da zif ta dawo. Jug ya sake zama wayam.

Nan fa abin ya tsaya mata a rai. Ta zauna a gaban keke, ƙafa a kan feda, ta kasa takawa. Ita ce mai wanka, ita ce mai wanki, ita ce mai yanke farce da shafa mai a duga-dugai. Ta bar gidanta a kulle, ta kori rabin masu kawo mata ɗinki. Amma ruwa, ruwa kawai, sai daga hannun Auta da take zuwa sau ɗaya a mako da jaka mai ƙyalli. Wani tsohon ciwo da ta ɗauka ya warke tun suna yara ya motsa. Babba ana ji da shi don shi ne babba, ƙarama ana ji da ita don ita ce auta, ta tsakiya kuwa ta aike ce. Ta ji haushin Auta, ta ji haushin Inna, sannan ta ji kunyar kanta, mace da furfura tana kishin kofin ruwa.

Ranar komawa asibiti tana ta matsowa. Leɓen Inna ya tsattsage, idanunta sun faɗa, in an kai ta banɗaki abin da yake fita ɗan kaɗan ne, ja kamar shayin da ba madara. Wata rana da hantsi har ta kira Tela da sunan wata ƙanwar ita Innar da ta daɗe da rasuwa, sannan ta dawo hayyacinta.

Ranar Laraba da azahar, ana zafi, Tela ta shigo da kofi. Ta zauna a bakin gado a hankali, ta tallafo kan Inna. Inna ta datse baki.

"Inna, ki sha."

Inna ta ƙara datse leɓe.

"Jibi za mu koma wurin likita. Kin ji abin da ya ce. Gado zai ba ki, su sa miki robar fitsari, abin da kika fi tsana. Ki sha don Allah."

Inna ta juyar da kai wajen taga.

Tela ba ta san lokacin da muryarta ta karye ba. "Me na yi miki ne, Inna? In na yi miki laifi ki faɗa min. In hannuna ne ba kya so, in gajiya kika yi da ganina, ki faɗa, sai in tattara kekena in tafi, Auta ta dawo. Amma kar ki kashe kanki a hannuna mutane su ce ni na bar ki da ƙishi."

Inna ta daɗe tana kallonta. Sannan ta sa hannunta mai lafiya ta ture ɗan hankicin da yake kan cinyarta, ya faɗi ƙasa kusa da ƙafar gado.

"Ɗauko min."

Tela ta ajiye kofin. Ta dubi hankicin. Sunkuyawa kai tsaye ta daɗe da fin ƙarfinta. Ta dafa katifa, ta sauke gwiwa ɗaya, ta sauke ɗayar, ta miƙa hannu ta ɗauka. Wajen tashi ta kama ƙarfen gado ta yunƙura, abin nan ya soke ta.

"Kin ji?" Inna ta ce.

"Me?"

"Nishin."

"Ni ban yi nishi ba."

"Kin yi." Inna tana magana a hankali, kowace kalma sai ta yi kokawa da ita kafin ta fito. "Kullum kina yi. In kin rungume ni za ki ɗaga, bakinki a kunnena yake. Wannan kunnen bai mutu ba. Ina jin haƙoranki. Ina jin mayafin da kike ɗaurewa, yana tokare min ciki."

Tela ta tsaya da hankici a hannu.

"Ruwa in ya shiga, sai ya fita," Inna ta ce. "In zai fita, sai kin ɗaga ni. Auta in ta ɗaga ni, dariya take yi."

"Inna..." Tela ta zauna a bakin gado ba tare da ta shirya ba. "Saboda ni? Duk kwanakin nan saboda ni kike kwana da ƙishi?"

"Da saboda wa?"

"Ai ba komai ba ne. Ciwon baya ne kawai, kowa yana yi. Haƙƙinki ne a kaina, ko zan mutu..."

"Rufe min baki." Idon Inna ya kawo ruwa, amma muryar ta faɗa ce. "Ni na haifi bayan nan. Ban haife shi don ya karye a kaina ba. Ranar da kika zube da ni a banɗaki, wa zai ɗaga mu? Na ce ki je asibiti, kin ce za ki. Likita ya ce, kin ce za ki. Ba kya jin magana tun kina yarinya. To ni abin da nake da iko da shi kenan, bakina."

Tela ta rufe fuska da hankicin ta yi kuka, irin wanda rabonta da shi tun ranar da aka kwantar da Inna. Duk tsawon lokacin nan tana ganin in ta hana kanta, ita kaɗai ta hana. Tana ganin jikinta nata ne, in ta ga dama ta ƙarar da shi a kan uwarta, lada ce, ba ruwan kowa. Har wani alfahari take ji a ɓoye in an ce kai, Tela tana ƙoƙari. Ashe duk ƙwayar da ta haɗiya ta ƙi zuwa asibiti, tsohuwar nan ce take biya da maƙogwaronta. Abin ya ba ta tsoro, ya kuma ba ta kunya.

Ta share ido ta ɗauki kofin. "To na ji. Sha, gobe zan je."

"A'a. Kira su ina ji."

Haka ta kira sashen gashi a gaban Inna, aka ce ta zo washegari da safe, kuma kar ta ƙara ɗaga abu mai nauyi kafin a duba ta. Inna ta sa ta maimaita wannan da ƙarfi. Saura Auta. Wannan kiran ya fi wuya, sai da ta yi ta juya wayar a hannu.

"Auta, kina da mutane a gabanki?"

"Lafiya, Yaya? Inna ce?"

"Inna lafiya. Ni ce. Bayana ya ƙi. Ba zan iya ɗaga ta ba kuma. Ba zan iya ni kaɗai ba."



"Yaya, tun yaushe nake jira ki faɗi haka," Auta ta ce. "Kina tsammani ban ga yadda kike tafiya ba? Duk abin da na taɓa sai ki ce ba haka ake yi ba, matsa ki gani. In na ce zan kwana, ki ce in tafi ina da aiki. To me zan kawo miki in ba sabulu da kyandir ba? Su kaɗai kike bari in ajiye, su ma da faɗa."



"Bari in gaya wa manaja, ga ni nan zuwa," Auta ta ce. "Zan nemi a mayar da ni aikin yamma. Babban Yaya kuma yau zai ji daga gare ni, a nemo mai taimako, addu'a ta waya ta isa haka. Kar ki ɗaga ta, kin ji? Kar ki ɗaga ta."

Da ta ajiye wayar, Inna ta miƙo hannu da kanta. Ta kama kofin, Tela ta tallafa mata gindinsa, ta sha tana lumshe ido, maƙogwaro yana ƙara. Ta shanye ta ce a ƙaro. Ta shanye na biyu. Ta ce shayi, da madara sosai. Tela tana haɗawa a kicin tana dariya tana hawaye, ta ce a ranta, wannan tsohuwa da taurin kai, sannan a ce ni ce ba na jin magana.

La'asar ta yi, Auta ba ta iso ba. Ta kira ta ce wata babbar mota ta lalace a kan gada, an tsaya cak, ko babur ba ya wucewa. Tela tana zaune a kujera kusa da gado ta ga Inna ta fara motsa ƙafarta mai lafiya, tana damƙe zanin gado tana saki. Ta san alamar nan sarai. Kafin ta yi tunani har ta miƙe ta jawo kujera mai taya, ƙafarta tana neman birki.

"Zauna," Inna ta ce.

"Sau ɗaya ne, Inna. A hankali zan yi."

"Na ce zauna."

"Ba za ki iya riƙewa har ta zo ba."

"Na sani."

Tela ta tsaya riƙe da hannun kujerar. Babu abin da ta taɓa yi wa uwarta da ya kai wannan wuya. Ta saki kujerar, ta koma ta zauna, ta matse hannuwanta a tsakanin gwiwoyi don kar su tashi da kansu.

Inna ta rufe ido, ta juyar da fuska wajen bango. Can sai jikinta ya saki. Danshi ya fara bin zanin gado a hankali har ya kai gefen katifa. Tela tana ganin hawaye yana bin gefen idon Inna yana shiga kunne, ta kasa ko miƙa hannu ta share.

Sai da aka jima Inna ta buɗe ido, ba ta juyo ba.

"Zanin gado ne, Auta za ta wanke," ta ce. "Ƙaro min rabin kofi."